Ranar da Na Kwance wa Zomona Sakaina

Masu biye da ni, sannunku da haƙuri. Wanda yau ya fara shigowa ma ya zauna, a jere zan faɗi abin.

Sunana Lauratu. Gidanmu yana Tudun Wada, wajen ganuwar Zariya, unguwar da aka yanka wa baƙi bayan zuwan Turawa. Babana, Malam Isiyaku, ɗinkin riguna yake yi a zaure. Innata Saratu tana suyar waina kullum safiya, rabin layinmu a wurinta suke karya kumallo. Mijina Muntaka ya rasu waccan daminar, na dawo gida na yi takaba, na gama. Ba ni da ɗa. Bazawara ce ni, kuma ko a gaban alƙali ba a ɗaura wa bazawara aure sai da bakinta. Baba ya sani, Inna ma ta sani. Shi ya sa ba su taɓa ce mini dole ba. "Ki duba mana," suke cewa, safe da yamma.

Wanda ake so in duba shi ne Malam Kailani, duba-gari. Amma bari in fara gaya muku labarin zomona, don a kansa aka yi rigimar.

Ina cikin takaba maƙwabciyarmu Keziya ta shigo da kwando a rufe. Mijinta kuku ne a gidan wani Bature a bariki, matar Baturen za ta koma ƙasarsu ta bar masa zomo. Keziya ta ce yaranta za su kashe shi da wasa.

"Ga abokin zama," ta ce. "Ba ya surutu, ba ya ta'aziyya."

Fari ne sol, idanunsa jajaye, ya fi na daji girma da nauyi. Na sa masa suna Auduga. Inna, da yake ni ce 'yar fari ba ta kiran sunana, sai ta riƙa ce masa angon 'yar nan.

Abincinsa ba wani abu ba ne. Harawar gyaɗa, da ciyawar harƙiya da nake karɓa wurin masu ciyawar dawaki, da ganyen dankali in an samu, da ruwa a kasko. Wuni yake yana tauna. Kowace safiya ina share kashinsa: ƙwayoyi busassu, manya kamar wake, babu wari, in ka murƙushe ɗaya da tsinke ciyawa ce zalla. Da su nake sanin lafiyarsa.

Akwai kuma abin da nake gani ban gaya wa kowa ba. Da sassafe yakan lanƙwashe ya kai baki ƙarƙashin wutsiyarsa, ya ɗauko wani kashi dabam, mai laushi, a cure, yana sheƙi, ya tauna ya haɗiye. Ranar farko na kau da kai. Daga baya na lura kullum yake yi, kamar mai shan magani, kuma jikinsa sumul, yana tsalle har kan turmi. Na bar shi da abinsa.

Malam Kailani da aiki ya fara shigowa gidanmu. Kun san duba-gari: kaki mai guga, dogayen safa, da ludayin ƙarfe da yake zira wa randa ya ɗebo ruwa ya duba ko akwai 'ya'yan sauro. In ya karyo layi, tun daga nesa mata suke fara kife tukwane. Mai suya irin Inna kuwa, kalmarsa ɗaya ta isa ta kashe mata murhu. Ya duba randunanmu, ya duba masai, ya duba kwata, ya gan ni a bakin ɗaki da zomo a cinya. Da yamma sai ga shi cikin farar riga da jar dara, yana ƙanshin sabulun asibiti, ya zo gaida Baba.

Ba zan yi masa ƙazafi ba. Dogo ne, farcensa kullum a yanke, ba ya ɗaga murya, bai taɓa aure ba. Wasu zawarawa goro suke kawowa da turare. Shi toshinsa kayan kantin Sabon Gari ne: gwangwanin biskit, madarar gwangwani, sukari mai ƙwaya. Ranar zancenmu na farko na fito zaure da Auduga, don in sami abin kallo in magana ta ƙare.

"Me kike ba shi?" ya ce.

"Harawa da ciyawa."

"Ciyawar ina?"

"Ta bakin rafin Kubanni, ina ji."

Ya girgiza kai. "Inda jakuna suke fitsari. Lauratu, wannan zomon gidan Bature ne, ba ɗan akuya ba."

Ya karya biskit ya miƙa masa. Auduga ya shinshina, ya karɓa, ya cinye, ya miƙe a kan ƙafafun baya yana neman ƙari. Malam Kailani ya yi dariya, ranar na fara ganin haƙoransa.

"Kin gani? Ya tuna gida."

Na ce, "Yaro ma yana son alewa, Malam."

Ko bai ji ba, ko ya ji ya bari.

Daga ranar Inna ta karɓe kiwon. Takan jiƙa biskit a madara ta ajiye masa a faranti, ta ƙara da ragowar waina. In na yi magana ta ce, "Ke kin fi ma'aikacin gwamnati sanin abincin Turawa?" Auduga ya fara juya wa harawa baya. Kashinsa ya fara laushi, yana manne masa a gashi, ina wankewa da ruwan ɗumi.

Wata safiya Malam Kailani ya shigo da kakinsa, ranar zagayen layinmu ce. Yana tsugune gaban randa Auduga ya lanƙwashe a gabansa ya yi abin da ya saba. Na ga ludayin ya tsaya a hannunsa.

"Me yake ci?"

Ya juyo ya dube ni.

"Lauratu, me yake ci?"

"Abinsa ne, Malam. Kullum yana yi."

"Kullum? A gidan da ake sayar wa mutane abinci?"

Inna ta saki cokalin juya waina ta fara salati. Ta rantse ba ta taɓa gani ba, kuma gaskiya ta faɗa. Ya miƙe, ya goge hannunsa da hankici duk da bai taɓa komai ba, ya fita.

Washegari Gwaggo Atika ta zo. Dillaliya ce, tsohuwa, tana yawo gida-gida da ƙunshin zannuwa, kuma ita ke kai saƙonsa gare ni. Ba ta taɓa kawo saƙo ba tare da ta ɗora nata a kai ba.

"Ya ce a gaishe ki gaisuwa mai yawa. Ya ce jiya bai iya cin abinci ba. Ban dai sani ba ko son ki ne ko abin da ya gani."

Ta kwance ƙunshi ta fito da sakaina. Faffaɗa ce, an huda tsakiyarta, mai gyartai ya goge bakinta ya bi da jar fata, an zira igiya. Aiki ne mai kyau, ba zan ɓoye ba.

"Ya ce a sa masa a wuya, bakinsa ba zai ƙara kai can ba. Ya ce kuma a fitar da harawar nan, ita ke tara ƙuda da ɓeraye. Kin ga miji ko? Ni nawa har ya mutu bai san launin akuyata ba."

Na ce, "Ki mayar masa."

Inna ta kira Baba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka Uwata yake ce mini, kuma bai iya yi mini tsawa ba. Ya juya sakainar a hannu, ya duba ɗinkin fatar kamar yadda yake duba wuyan riga.

"Uwata, mutum ya aiko da alheri, ba a mayar masa. Kuma maganarsa gaskiya ce, ƙazanta ƙazanta ce."

Da hannunsa ya ɗaura wa Auduga ita. Inna ta kwashe harawar ta zuba wa akuyar maƙwabta, ta gaya wa masu ciyawa kada su ƙara tsayawa a ƙofarmu.

Na san abin da za ku ce: me ya hana in kwance? Wadda ta dawo gidan ubanta tana cin tuwonsa ta san amsar. Abin da uba ya ɗaura da hannunsa, ba ka sa naka ka kwance. Na jira ya gani da idonsa ya kwance da kansa.

Ga abin da ya faru, kamar yadda na gani. Da farko Auduga ya yi ta juyi yana bugun sakainar da ƙafa. Da sassafe ya lanƙwashe, sakainar ta tokare ƙasa, ya sake gwadawa, ya haƙura. Kashin nan mai laushi ya riƙa zuba a ƙasa, ana takawa, ƙuda na bi, abin da ba a taɓa gani ba a gidanmu. Busassun ƙwayoyin suka ƙanƙance, daga girman wake suka koma girman dawa, baƙaƙe, masu tauri. Ranar Laraba na share na sami 'yan kaɗan. Ranar Alhamis na duba ko'ina ban sami ko ɗaya ba.

Ya daina cin biskit ɗin ma. Ya shiga lungun murhu ya dunƙule, idanu a lumshe, yana tauna haƙora ƙurus ƙurus ba komai a bakinsa. Na taɓa kunnuwansa, sanyi. Na taɓa cikinsa, ya kumbura ya yi tauri kamar ganga.

Inna ta jiƙa jar kanwa. "Riƙe min shi in yi masa ɗura. Kumburin ciki ne, ko amai ya yi ya huta."

"Ban taɓa ganin ya yi amai ba, Inna. Shaƙewa zai yi."

"To zauna da iliminki."

Ranar Alhamis ɗin ce kuma Malam Kailani zai zo jin amsata bayan la'asar. Inna ta fito mini da atamfar da ta ɓoye tun aurena na farko, shuɗiya mai zanen ganye, da fatala, da munduwar azurfa. Ta ɗora su a kan gado.

Da hantsi na ji ƙarar dutsen washi. Na leƙa, Baba ne a tsugune bakin rijiya da wuƙarsa ta layya.

"Baba, me za a yanka?"

Bai ɗago ba. "Dabbar nan tafiya za ta yi, Uwata. Gara a yanka a ci da a bari ta zama mushe a jefar. Kin san hukuncin."

"Bai mutu ba."

"Shi ya sa."

Inna daga bakin murhu ta ce, "Ko baƙon yau a zuba masa romo."

Ban kalle ta ba. Na ce, "Baba, ka ba ni zuwa faɗuwar rana."

Ya gwada kaifin wuƙar a gashin hannunsa. "Zuwa faɗuwar rana. In bai ci ba, bai yi kashi ba, ba zan bar shi ya kwana yana wahala ba. Kuma kada ki zo kina riƙe min hannu."

Na shiga ɗaki na tsallake atamfar, na ɗaura tsohon zanena saƙi, na yi lulluɓi. Na shiga wurin Keziya na ari lauje. Ta dube ni ta dubi rana ta ce, "Ke da kanki?" Na ce da kaina.

Daga gidanmu zuwa Kubanni dole ka bi ta bakin kasuwa. Zuwa ba wanda ya kula. Na gangara inda ruwa ya ja baya, nesa da mashayar jakuna, na yanko harƙiya ɗanya, na tsinko ganyen dankali a gefen wani lambu bayan na roƙi mai shi, na wanke su a ruwa mai gudu. A hanya na tsaya wurin mai harawa na karɓi rungume guda. Dawowar ce aka gani. Mace mai lulluɓi, wadda duk Tudun Wada ta san duba-gari ke nema, da damin ciyawa a ka yana ɗiga mata ruwa a wuya.

"Amarya, doki aka ba ki a sadaki?" wani mahauci ya ce.

Na ce, "A'a, jaki ne, yana gaishe ka."

Rumfar ta kwashe da dariya, ban waiwaya ba.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Inna tana tsaye tsakar gida, hannu a ƙugu.

"Kin kashe ni. 'Yar nan kin kashe ni. Yau, yau ɗin da mutumin zai zo? In ya janye, wa zai tsaya mini ranar da wani duba-garin ya zo ya ce a rufe tanda? Da me za ku ci? Da kunnen zomo?"

Na sauke damin. Baba yana bakin zaure da allura a hannu yana kallonmu. Na ɗauko Auduga daga lungun murhu na zauna a inda Baba zai gan ni sosai, don ba na so a ce na yi a ɓoye. Na ce, "Baba, ka gafarce ni." Na kwance igiyar, na zare sakainar. Gashin wuyansa ya goge, fatar ta yi ja.

Baba ya dube ni ya daɗe. Ya koma ciki da allurarsa.

Ba likita ba ce ni, abin da ya zo mini na yi. Na naɗe shi da zane ya ji ɗumin jikina. Na riƙa ɗiga masa ruwa a gefen baki da cokali, kaɗan kaɗan, sai ya haɗiye in ƙara. Na sa yatsu ina shafa cikinsa a hankali daga ƙirji zuwa ƙasa, yadda ake yi wa jariri mai ciwon ciki, ina jin wani abu na ƙugi a ciki. In na gaji na sauke shi in tura shi ya taka, ya yi taku biyu ya dunƙule, in sake ɗauka. Na jiƙa ciyawa na goga masa a hanci. Ya kau da kai. Na sake gogawa. Ya cije ta don haushi, ya tofar.

Haka la'asar ta same ni. Gwaggo Atika ta leƙo.

"Ya iso fa. Rigar yau sai kin gani, har da ɗinkin aska a ƙirji. Ke kuma kina nan kamar mai kiwon dawaki. Tashi ki sa kaya."

Ban sa ba. Na kwantar da Auduga a kwando kusa da ciyawar, na wanke hannu, na ɗauki sakainar da gwangwanin biskit da na madara a faifai, na fita zaure.

Baba ya tashi ya ba mu wuri. Malam Kailani yana zaune a kan buzu, ƙafafu a tanƙwashe. Na gaishe shi, ya amsa. Na ajiye faifan a gabansa. Duk wanda ya girma a ƙasar nan ya san ma'anar mace ta dawo wa namiji da toshinsa. Ya dubi kayan, ya dubi ƙafafuna da taɓon rafi bai gama fita ba.

"An ce an gan ki da ciyawa a ka."

"Ba ƙarya aka yi ba."

"Da kin aiko, da na sa leburorina sun yanko."

"Kai ka hana a kawo, Malam."

Ya ɗauki sakainar ya juya ta. "Yaya jikinsa?"

"Ba ya ci, ba ya kashi, cikinsa ya kumbura. Baba ya wasa wuƙa."

Ya daina juya sakainar. Da ya sake magana muryarsa ta sauka.

"Lauratu, kin san abin da ya sa na shiga aikin nan? Mu shida uwarmu ta haifa. Gudawa ta ɗauki uku a damina ɗaya, ni nake ɗebo ruwan da ake wanke su. Yanzu kullum ina shiga gidaje ina ganin masai kusa da rijiya, ƙuda daga nan zuwa kwanon yaro. Mutane suna zagina a bayan ido, na sani. To na ga dabba tana cin kashinta kusa da tandar waina. So kike in ce ban gani ba?"

Ban san wannan ba. Na faɗa muku ba zan yi masa ƙazafi ba, maganar ta shige ni.

Na ce, "Allah ya jiƙansu."

"Amin."

"Amma so nake da ka tambaye ni kafin ka aiko. Ni nake share masa kullum."

"To na tambaya yanzu. Me ya sa yake ci?"

"Ban sani ba."

"Kin gani."

"Ban san dalili ba, Malam. Na dai san lokacin da yake cin ciyawa yana cin abinsa, ƙasa a bushe take, ba ƙuda, yana hawa turmi. Da aka ba shi biskit aka ɗaure masa wuya, ga shi can a kwando. Abin da na gani ke nan. Kai ma da ido kake aiki."

Ya ajiye sakainar. "Zan faɗa miki gaskiya tun yanzu. A gidana ba za a ajiye dabba mai wannan halin ba. Mutane za su ce duba-gari bai duba gidansa ba."

"To ai ba a kai shi gidanka ba tukuna."

"Amsarki ke nan?"

"Ba amsa na fito ba ka ba. Kayanka na fito da su."

"A kan zomo, Lauratu?"

"Yau zomo ne. Ban san me za ka ga ina yi da sassafe ba ka aiko da sakaina."

Ya buɗe baki, sai muryar Inna ta tsinko daga ciki tana kiran Baba: "Malam, rana ta tafi fa! In za ka yanka ka yanka, duhu na zuwa!"

Ban yi masa sallama ba, na tashi na shige.

Baba yana tsakar gida, ya naɗe hannun riga, ya haƙa ɗan rami da bakin fartanya, wuƙar tana kan dutse. Rana ta sauka kan katanga. Ya nufi kwandon. Na riga shi, na tsaya a gaba.

"Uwata, mun yi magana."

"Ba hannunka na riƙe ba, Baba. Tsayuwa na yi."

"Matsa."

"Rana ba ta faɗi ba."

Inna ta ce, "Ka ji ko? Ka ji abin da ka shuka? Da ka tsawata mata tun tana ƙarama!"

Baba ya kewaye ni ya sunkuya kan kwandon. Ya miƙa hannu, sai ya tsaya. Na juya.

Auduga ya fito da kansa daga cikin zanen. Akwai zaren harƙiya a bakinsa, yana janye shi ciki a hankali, a hankali, har ya ɓace. Ya tsaya. Ya ɗauki wani. Baba ya ɗaga shi da hannu biyu, ba ta kunne ba, ya duba ƙarƙashinsa. A kan zanen akwai 'yan ƙwayoyi ƙanana, baƙaƙe, a karkace, wasu a haɗe da gashi. Ban taɓa ganin kashi mummuna kamar wannan ba, kuma ban taɓa kallon wani abu na daɗe haka ba.

Baba ya mayar da shi. Ya ɗauki wuƙar ya goge ta a gefen riga duk da ba ta taɓa komai ba, ya zura ta kube. Ya tura ƙasa cikin ramin da ƙafa.

"Ki ƙara masa ruwa," ya ce, ya tafi alwala.

Kada ku ɗauka ya warke. Cikinsa bai gama sacewa ba, kunnuwansa ɗumi kaɗan suka yi. Amma yana tauna.

Da na leƙa zaure Malam Kailani ya tafi. Ya bar gwangwanayen a faifai, ya ɗauki sakainar. Inna ta zauna a kan turmi ta rufe fuska da gefen zane, ta ƙi yi mini magana, ta ƙi ɗora tuwo. Ni na ɗora.

Ana idar da magariba Gwaggo Atika ta faɗo gidan tana haki, ba ƙunshi a kanta. Ranar ce kaɗai na ga ta faɗi saƙo ba ta ɗora nata ba.

"Ya ce gobe zai zo. Ya ce da kaki zai zo, kuma ba shi kaɗai ba, da Baturen da ke kansu. Ya ce kada a yanka zomon, kada a kai shi maƙwabta. Shi za su zo gani."

Inna ta ɗora hannu a ka. "Shi ke nan. An rufe ni. Gwaggo, fushi yake? Yaya fuskarsa?"

"Wallahi ban iya karanta ta ba, Saratu. Kamar ta kullum."

Baba ya dawo daga masallaci ya tsaya a bakin ƙofa yana ji. Duk su ukun suka juyo suna kallona. Na gama ɗiga wa Auduga cokalin da ke hannuna, na ƙara masa harawa.

Na ce, "Gwaggo, koma ki gaya masa su zo da sassafe, kafin rana ta fito sosai. Lokacin ne yake yin abin. Zan shimfiɗa musu tabarma a gaba."